Kabarin Sakina a Tsibiri Mai Tafiya

Sansanin kamfanin mai, bakin teku, kudu da Fatakwal
Maris, 1973

Zuwa ga Yaya Ummulkhairi,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa, da fatan kina lafiya, ke da maigida Malam Dikko da yara. Idan kin je Kusada ki durƙusa mini a gaban Inna da Baffa Malam Uthman. Ni jikina lau, ina hawa katafilata ina tura rairayi kamar kullum, abinci ne dai har yanzu ba ya wuce mini.

Takardarki ta ta'aziyya ta same ni, Allah ya bar zumunci. Kin ce Baffa yana tambayar inda na kwantar da Sakina. Haƙƙinsa ne ya sani. 'Yarsa ce ya ɗauka ya ba ni, ni kuma na kawo ta ƙarshen duniya, zazzaɓi ya karɓe ta a hannuna. Ba ni da idon rubuta wa surukina kai tsaye, ke za ki karanta masa.

Sai na fara kwatanta miki wurin, don ba irin ƙasar da muka sani ba ce. Tsibiri ne, amma kada ki kawo wa ranki tudun da ke fitowa a tsakiyar gulbi. Dogo ne siriri, ya kwanta a gaban ƙasa kamar kunya guda ɗaya da aka ja a bakin gona. Tsawonsa zai kai Kankiya zuwa Kusada, faɗinsa kuwa akwai inda in kin tsaya a tsakiya za ki ga ruwa dama da hagu. Ta kudu teku ce, ba ta da tsallake, ba ta kuma yin shiru. Ta arewa wani kwantaccen ruwa ne mai ɗan gishiri, da baƙin taɓo, da wasu itatuwa da ke tsaye a kan saiwoyinsu. Sai an ƙetare shi a kwalekwale kafin a taka ƙasa ta gaske. Irin wannan tsibirin suna da yawa, sun jeru a bakin tekun, kowanne da bakin kogi tsakaninsa da na gaba, su ne ke tare wa ƙasa dukan ruwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ruwan yakan hau sau biyu a yini ya kuma janye da kansa, ba hadari ba komai.

Ranar da ta cika, Rahamatu matar Bube mai gadi ce ta yi mata wanka. Musulmin sansanin ba mu cika sahu ba, amma mun sallace ta. Da muka fara haƙa ta bayan tsibirin, kafin ramin ya kai gwiwa ruwa ya ɓuɓɓugo. Na ce wallahi ba zan sa 'yar Malam a cikin taɓo ba. Sai muka hau tudun rairayin da ke fuskantar teku, wuri mai tsayi, busasshe, fari tas, a gindin wata bishiyar kwakwa. Masuntan garin suka zo suna ta ɗaga hannu, shugabansu yana nuna mini kwalekwale, wai in kai ta can ƙasa. Tafiyar yini guda ce, ga zafi, mu kuma ba ma ajiye gawa. Na ga ƙyashin ƙasarsu suke yi wa baƙo, na ɗaure fuska, suka ƙyale ni.

Ki gaya wa Baffa tana kan tudu, kuma daga kabarin zuwa inda ruwa ke tsayawa zai kai daga zaurensa zuwa masallacin Juma'a. Kullum na tashi aiki nakan je in yi mata addu'a.

Ƙanenki,
Basiru

*

Kankiya
Afrilu, 1973

Basiru ɗan autan Inna,

Allah ya sa takardar nan ta same ka da ƙarfin jiki. Mu muna lafiya, in ka cire Inna da gwiwarta, da Dikko da ke fama da mura a tsakiyar bazara, abin da ban taɓa gani ba sai a gidana.

Kafin komai, da katafilar kake rubutun nan ne? Sai da na kai takardarka bakin ƙofa na juya ta sama da ƙasa kafin na gane kanta. Amma na karanta, kuma ranar kasuwa na hau mota na kai ta Kusada.

Baffa ya sallami ɗalibai ya zauna a kan buzunsa, Inna na bakin ɗaki. Idonsa a rufe har na kai wajen taɓo, nan na ga ya damƙe carbi. Da na ce tudu, fari tas, sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Madalla. Yaron nan ya yi abin da ya kamata, Allah shi yi mashi albarka." Ka ji da kyau, albarka ya sa maka. Don haka ka daina cewa ka kai ta ƙarshen duniya kamar kai ka rubuta mata kwananta. Ni ma ƙanwata ce, ni na goya ta, kuma ban ga laifinka ba.

Maganar ruwan da ke hawa ya sauka da kansa ta zagaya gari. Inna ta ce tunda ya yi muku yawa haka, ka ɗuro mata ko tulu ɗaya. Ba wasa take ba ƙwarai. Rijiyar gidan Baffa an ƙara wa gugarta igiya har an gaji, abin da ke fitowa rabi laka ne. Bara gero bai yi ba, ka sani, rumbun Inna ya kusa ƙasa. A bakin titi kullum sai ka ga mutanen arewa suna wucewa da shanu ƙashi da fata, wasu ba su da ko shanun. Kai kuwa da sai an riƙe maka hannu kafin ka ƙetare rafin bayan gari, yau kai ne mai kwana da teku. Ikon Allah sai kallo.

Ka ci abinci. In Rahamatu ta ba ka, ka karɓa, kada ka yi mata wannan kunyar taka marar amfani. Ka gaishe ta, ka ce mun gode.

Yayarka,
Ummulkhairi

*

Bakin teku
Mayu, 1973

Yaya,

Ina fatan kowa lafiya. Ni lafiyar jiki ce kawai. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Damina ta faɗo mana, iska ta juya tana busowa daga teku. Makon jiya aka yi wani hadari, da gari ya waye na tafi wajen Sakina. Yaya, rabin filin da ke tsakaninta da ruwa babu shi. Ba ambaliya nake nufi ba, wadda za ta rufe ƙasa ta janye ta bar miki abarki. Ƙasar ce kanta babu. An yanke gaban tudun a tsaye kamar yadda ake gutsurar tuwo, ruwa na dukan gindinsa. Na tsaya ina ta salati, ban san lokacin da na zauna ba.

Shugaban masuntan nan ya same ni a wurin. Dattijo ne mai furfura, ya jira har Bube ya zo, don shi ke jin irin Turancinsu. Da ruwa ya janye ya sa mu a kwalekwale ya tuƙa mu cikin teku, nesa da gaɓa sosai. Ya ce in leƙa. Na ga kututturan kwakwa a jere a ƙarƙashin ruwa. Na ga bakin rijiya na siminti, kifi na shiga yana fita. Ya buga ƙirji ya ce a nan aka haife shi, a wannan rijiyar uwarsa ke ɗibar ruwa.

Ya ce tsibirin tafiya yake yi. Teku na kwasar rairayi daga gabansa, in babban ruwa ya zo ta watsa shi ta baya, a kan taɓon nan. Wani kuma ta ja shi gefe ta kai wutsiyar tsibirin, can yana ƙara tsawo, nan yana cinyewa. Haka yake matsawa wajen ƙasa kaɗan kaɗan tun kakanninsu. A rayuwarsa garinsu ya tashi ba sau ɗaya ba, shi ya sa gidajensu duk na itace da kaba ne, kuma shi ya sa ba sa binne kowa a nan, can ƙasa suke kai matattunsu. Ashe ran nan ba ƙyashi suke yi mini ba. Tudun da na zaɓa don ya fi ko'ina tsayi, shi ne layin farko da teku ke ci.

Na san girman abin da zan roƙa, ni ma a zauren Baffa na yi karatu. Ki roƙar mini shi ya ba ni izini in tone ta in kai ta ƙasa. Akwai maƙabartar Musulmi a garin da jirgin ruwa mai kawo mana wasiƙu ke tashi. Masuntan sun ce za su ba ni kwalekwale da mutane. Ba zan sa shebur a kabarin 'yarsa ba sai da yardarsa. Don Allah ki hanzarta da amsa.

Basiru

*

Kankiya
Yuni, 1973

Basiru,

Muna lafiya, Alhamdu lillahi, in ana kiran wannan lafiya bayan abin da ka aiko mana.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kanka ɗaya kuwa? Tone kabari? Da na san abin da ke cikin ambulan ɗin nan da na karanta ni kaɗai tukuna. Sai da na kai tsakiya a gaban kowa, bakina ya riga ya faɗa. Inna ta ɗora hannu a ka, matan gida suka fito har da mai tuƙin tuwo da muciya a hannu. Tun da nake ban taɓa jin an yi wannan a danginmu ba, ko a garin gaba ɗaya.

Baffa bai ɗaga murya ba, ka san shi. Ya ce in sake karanta masa abin da ka rubuta tun farko game da ruwan. Na karanta. Ga abin da ya ce, kuma ya ce in rubuta yadda ya faɗa:

"Ai shi da bakinshi ya ce ruwan nan hawa yake shi janye. Wane ruwa ne ba shi cika da damina? Rafin bayan garin nan shekara nawa yana cin gaɓa, rani ya zo yara su yi langa a cikinshi? Ba a tone Musulmi a buɗe sirrinshi don tsoron abin da bai zo ba. Shi yi haƙuri kaka ta wuce. In ruwa ya ja baya shi gyara gaɓar, shi dasa mata gamba ta riƙe ƙasa. Kada shi taɓa."

To ka ji. Umarni ne, ba shawara ba.

Yanzu bari in faɗi tawa. Ƙasa tana tafiya? Da wace ƙafa? Gonar kakanmu ta hanyar Rimaye tana nan inda ya bar ta, da kukarta da tsamiyarta, mu ma za mu mutu mu bar ta a nan. Mutanen nan tun farko ba su so kabarin ba, kai da kanka ka faɗa, yanzu sun ga baƙin ciki ya tausasa ka sun kai ka tsakiyar ruwa sun nuna maka kututture. Ni tsorona ba teku ba ce, kai ne. Zaman kaɗaici da zuwa kabari kullum yana taɓa mutum. Ka riƙa karanta abin da Baffa ya koya maka safe da yamma, ka rage zuwa wurin.

Mu nan ruwa ɗaya aka yi aka yi shuka, ta fito ta ƙone. Jiya gari duka aka fita roƙon ruwa, har da tsofaffin da ba sa iya tafiya. Muna duban sama ido ya bushe, kai kana rubuto mana wai ruwa zai cinye tudu. Ka yi mana uzuri in abin ya ƙi shiga kanmu.

Yayarka mai son ka dawo hayyacinka,
Ummulkhairi

*

Bakin teku
Yuli, 1973

Yaya,

Gaisuwa gare ku duka. Allah ya ba ku ruwa mai albarka. Na ji saƙon Baffa, na kuma bi. Ban taɓa ba.

Amma ki saurare ni, kaina ɗaya ne. Teku ba ta da rani. Na yi shekara biyu a nan, ban taɓa ganin ta ragu da taki ɗaya don an daina ruwan sama ba. Janyewar da na ce tana yi kamar numfashi ne, ta ja ta dawo, kuma duk dawowa sai ta tafi da wani abu. Rafinmu in ya ci gaɓa yakan bar ƙasar a ƙasa kaɗan, a ganta. Wannan abin da ta ɗauka ba ta mayarwa wurin.

Na yi abin da na iya. Na roƙi shugabanmu na aiki ya bar mini katafila bayan an tashi, na tara rairayi a gaban tudun har ya fi soron Baffa tsayi. Ni da Bube muka cika buhunan siminti da yashi muka jera. Gamba babu a nan, na dasa wata ciyawa mai yaɗo da ke fitowa a rairayin. Na yi aikin da in a Kusada ne jikokina za su gan shi. Kafin Juma'a ta zagayo ko buhu ɗaya ban gani ba, wurin sumul kamar an share.

Jiya kwakwar ta karkata, saiwoyinta na waje ta gefen ruwa. Abin da ya rage tsakanin Sakina da gaɓa bai fi igiyar guga ba. Masunta sun ce babban ruwan shekara yana zuwa a watan gobe, lokacin da wata ya cika. Dattijon nan kullum sai ya zo ya dubi gaɓar ya dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai.

Yaya, kin goya ta. Ki nemo ko mutum ɗaya a ƙasar Kankiya da ya taɓa ganin teku da idonsa, ki kai shi gaban Baffa. Kada ki tsaya jiran ranar kasuwa. Jirgin wasiƙu ma yanzu ba kullum yake iya shigowa bakin kogi ba saboda igiyar ruwa, ban san ranar da wannan za ta bar tsibirin ba.

Ina nan ina jira, ba zan saɓa masa ba.

Basiru

*

Kankiya
Ƙarshen Agusta, 1973

Ƙanena,

Lafiya muke. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, mai ɗaukar saƙon yana tsaye a ƙofa.

Takardarka ta Yuli sai shekaranjiya ta iso gidan waya, ta jiƙe ta bushe, ta fi wata a hanya. Da na ga kwanan watan da ke kanta ko zama ban yi ba. A tsaye na karanta ta, mayafina ma a hannu na fita da shi.

Ka tuna Nagoggo, telan bakin tasha da ya yi soja? Lokacin yaƙin basasa a bakin teku aka ajiye su. Na same shi a kan keken ɗinki na karanta masa. Ya cire ƙafa daga keken ya ce, "Subhanallahi, a gaban tudu ya sa ta? Kuma har yanzu tana nan?" Basiru, nan take na ruga gida. Dikko ya samo mana mota muka tafi Kusada da Nagoggo a ranar.

Ya gaya wa Baffa ya ga gidan bene na Turawa, na dutse da siminti, teku na shiga ta tagoginsa, alhali tsofaffin wurin sun san shi da lambu a gabansa. Baffa ya ce, "To in rani ya yi, ina take zuwa?" Nagoggo ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba ta zuwa ko'ina." Baffa ya sake tambaya, ya sake ba shi amsa ɗaya. Na ga fuskar Baffa ta canza, ban taɓa ganin ta haka ba.

Ya shiga ɗakin littattafansa, har aka kira la'asar bai fito ba. Da ya fito ya ce lalura ce, malamai sun yarda a ɗauke mamaci in ruwa zai ci kabarinsa, kuma da ya fahimci wane irin ruwa ne da tun Yuni ya faɗi haka. Sannan ya ce, "A gaya mashi shi ɗauke Sakina. Yau, kada shi kai gobe." Ka san ita ce 'yar farinsa, tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinsa. Inna ta fashe da kuka, ni ma ban iya riƙewa ba.

Ƙunshin da ke tare da takardar nan likkafaninsa ne, wanda ya wanke da zamzam shekarar da ya sauke farali, ya ajiye wa kansa a ƙasan akwati. Ya ce na jikinta ya riga ya lalace, ka naɗe ta da wannan. Ba mu bi ta gidan waya ba, Hussaini direban motar shanu ne zai tafi Fatakwal, ya yi alkawari zai sa shi a jirginku da hannunsa.

Na ce kanka ya taɓu. Ka yafe mini, nawa ne bai kai ba. Ka yi sauri, don girman Allah.

Ummulkhairi

*

Bakin teku
Satumba, 1973

Yaya,

Ina gaishe ku. Ina da rai.

Saƙon ya iso hannuna ranar Talata. Ranar da kike tsaye a gaban Nagoggo, an riga an gama.

A tsakiyar Agusta, ana gobe wata zai cika, dattijon ya zo da hantsi da mazan garinsu. Sun zo da shebur, sun jawo babban kwalekwalensu sun shimfiɗa sabuwar tabarma a ciki. Matansu har farin yadi suka haɗa suka ba Rahamatu. Ya ce da Bube a gaya mini gobe ne, in za a yi yau za a yi, kuma su za su juya baya in mun kai gare ta, ba wanda zai kalla. Bube ya riƙe hannuna ya ce, "Basiru, Malam yana nesa, bai ga abin da muke gani ba." Na dubi bakin kogi ko jirgi zai ɓullo, babu. Na ce uban yarinya ya ce kada in taɓa. Dattijon ya sallami mutanensa, shi kuma ya zauna kusa da ni a kan rairayi har rana ta yi sanyi.

Washegari ko hadari babu, rana tsaka, sama garau. Ruwan ne kawai ya hau bai tsaya inda ya saba ba. Igiya na zuwa kowacce ta fi ta baya, ta hau kan tsibirin ta inda ya fi siriri ta zuba a ruwan baya. Ni da Bube muna kan katafila, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinmu. Kwakwar ce ta fara tafiya. Sai tudun ya riƙa zubewa ɓangare ɓangare. Na diro na nufi wurin, ruwa ya kai mini ƙirji, Bube da wasu masunta biyu suka danne ni suka jawo ni. Na ga itatuwan da na jera mata da hannuna suna yawo a kan kumfa. Ban ga komai bayansu ba, kuma na gode wa Allah da ban gani ba.

Masuntan sun bar kamun kifi sun bi gaɓa da kwalekwale har wutsiyar tsibirin, sun shiga cikin taɓon baya suna dubawa, kwana da kwanaki. Ba a samu ko ƙyalle ba. Tsibirin ya rabu biyu yanzu. Inda tudun yake ya zama sabon bakin ruwa, jiya na ga yara sun wuce ta kansa a kwalekwale suna jefa taru. In na tashi aiki ƙafata takan kai ni can, in tsaya a gaɓa, ban san inda zan fuskanta in yi mata addu'a ba.

Na buɗe ƙunshin. Ƙanshin ɗakin Baffa ne a jikinsa. Yana nan a kan gadona, na kasa mayar da shi, na kasa kallonsa. Ki gaya mini yadda zan yi da shi. In aiko da Hussaini ne?

Ban san yadda za ki karanta masa wannan ba. In kin ga zai yi masa nauyi ki tsallake maganar masu shebur. Kada wani ya ce laifinsa ne.

Basiru

*

Kusada
Oktoba, 1973

Basiru,

Daga gidan Baffa nake rubuto maka, na kwana biyu a nan. Inna na gaishe ka, jikin da sauƙi. Geron bana ba a magana, amma ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Na yi niyyar tsallakewa kamar yadda ka ce. Da na zo wurin na dakata, ya ce, "Karanta duka, kada ki rage mani komi." Na karanta duka, har da tabarmar, har da farin yadin. Baffa ya tambaye ni ko mutanen nan Musulmi ne, na ce a'a. Ya ɗaga hannu ya daɗe yana roƙa musu alheri, su da 'ya'yansu da kwalekwalensu.

Sannan ya ce, a gaban ɗalibansa manya, "Yaron nan ruwa ya kai mashi ƙirji yana riƙe da maganata. Ni kuwa na yanke hukunci a kan abin da ban taɓa gani ba, na auna teku da rafin bayan gida." Wani ya fara cewa ƙaddara ce, ya ce ya sani, ba sai an koya masa ba. Tun ranar bai zauna karatu ba. Yakan fito salla ya koma ɗaki, kuma ya rame, Basiru, rigarsa ta yi masa yawa.

Game da addu'a, ya ce ka yi ta duk inda kake, tana isa gare ta, Wanda ya halicci tekun ya san inda ya ajiye ta.

Likkafanin kuwa, na tambaye shi ko a ba Hussaini. Ya girgiza kai. Ya ce, "Kada shi aiko. Shi kawo da hannunshi. In lokacina ya yi shi zai naɗe ni a ciki, shi zai sa ni ƙasa, ba wani ba."

Na faɗa maka yadda ya faɗa. Ka ajiye musu katafilarsu ka taho, ƙanena. Ba abin da ya rage da za ka tsare a can, nan kuwa akwai tsoho da ke duban ƙofa.

Yayarka,
Ummulkhairi